Ni da malamina mun saɓa a kan nahawun Turanci, yanzu gaisuwa ma da ƙyar yake amsawa

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kana lafiya, ya iyali. Dan Allah a ɓoye sunana. Ni malamin Turanci ne a wata sakandare mai zaman kanta a Zariya, ina ɗaukar 'yan SS2 da SS3. Shugaban sashenmu dattijo ne, shi ya koyar dani tun ina ƙaramar sakandare kuma shi ya tsaya min har na samu aikin nan. A gwajin tsakiyar zango wata ɗaliba ta rubuta "Everyone should bring their books" da "Who did you give it to?", a wani wajen kuma ta rubuta "It's me", ban soke mata ko ɗaya ba. Da Malam yazo duba takardun da muka yi maki sai ya zagaye su da jan biro, ya shigo ajina a gaban yara yace ina lalata musu Turanci, dole a ce "his books" da "To whom did you give it?" da "It is I". Wallahi raina ya ɓaci. Da daddare na shiga intanet naga masana harshe suna cewa duk ukun daidai ne, sai na ɗauki hoton shafukan na tura guruf ɗin malamai na WhatsApp, na rubuta a ƙasa cewa wasu har yanzu Turancin zamanin Gwamna Lugga suke yi. Tun daga ranar in na gaishe shi da ƙyar yake amsawa. Wata matsalar kuma na faɗa wa yara cewa duk abin da mutane ke faɗa daidai ne, yanzu wani yaro ya rubuta "informations" da "discuss about" na soke, yace ai ni nace babu kuskure a harshe. Yaya waye mai gaskiya tsakanina da Malam? In bashi haƙuri alhali ni ke da hujja? Kuma me zan koya wa yaran nan da WAEC ke gabansu?

Malamin Turanci, daga Zariya

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa wa aiki albarka. Bari in fara da abin da nasan shi kake jira kaji: jimlolin nan uku da yarinyar ta rubuta Turanci ne lafiyayye, waɗanda aka haifa cikin harshen haka suke faɗa kuma haka suke rubutawa, ba yau aka fara ba. To amma kar kayi saurin murna, don saƙon da ka tura guruf bai dace ba ko kaɗan, sannan maganar da ka faɗa wa yara cewa babu kuskure a harshe ba haka take ba, kuma ita ce tafi tayar min da hankali a duk wasiƙar taka, saboda faɗanka da Malam za a iya shiryawa gobe, amma yaron da ya shiga ɗakin jarabawa da wannan tunanin shi zai kwana a ciki.

Mu ɗauki maganar ƙare jimla da ƙananan kalmomin nan irin su to, with, for, about. Wannan doka ana iya bin sawunta har a kama wanda ya yaɗa ta. A 1672 wani mawaƙin Ingila mai suna John Dryden ya soki Ben Jonson, marubucin da ya gabace shi, saboda ya ƙare jimla da irin wannan kalma. Bai kawo wata hujja daga cikin Turancin kansa ba, shi mutum ne da ya sha Latin ya ƙoshi, a Latin kuwa ba a yin haka, shi yasa masana da yawa ke ganin daga can ya ɗauko ƙyamar abin, har daga baya ya koma kan wani tsohon rubutunsa yana gyara jimlolin da shi kansa ya ƙare da su haka. Bayan shekara 90, a 1762, Robert Lowth, wani malamin coci da daga baya ya zama bishof ɗin Landan, ya fitar da ɗan littafinsa na nahawun Turanci, kuma abin da mutane da yawa basu sani ba shine Lowth bai haramta abin ba. Cewa yayi harshen Turanci yana da karkata sosai zuwa ga yin haka, kuma ya dace da hira da rubutu na yau da kullum, sai dai a rubutu mai nauyi ya fi kyau a gabatar da kalmar. Jimlar da ya faɗi hakan a ciki ma da "inclined to" ya rufe gaɓarta. Kaga shawara ce a kan salo ya bayar. Sai Lindley Murray yazo a 1795 ya rubuta nahawu don 'yan makaranta, ya kwashi abubuwa da yawa daga Lowth, littafin ya bazu a makarantun Ingila da Amurka, to a hannun malaman aji ne "ya fi kyau" ta rikiɗe ta koma "haramun ne", don malami mai yara da yawa a gabansa doka gajera yake so wadda zai iya sokewa da jan biro. H. W. Fowler, wanda ba wanda zai ce masa mai sakaci ne da Turanci, a littafinsa na 1926 camfi ya kira wannan doka. Kuma akwai jimlolin da ko ka so baka da yadda zaka yi, "What is it for?" ko "The bed has not been slept in", gwada juya su kaji abin da zai fito.

Amma "whom" bata mutu ba, kar ka faɗa wa yara ta mutu. In kalmar to ko with ko for tazo gabanta kai tsaye to "whom" ce, ba a cewa "To who did you give it?" a rubutun kirki. Saboda haka jimlar Malam daidai ce, ta yarinyar ma daidai ce, ɗaya ta wasiƙar ofis ce ɗaya ta bakin mutane.

Sai maganar "everyone" da "their", wadda ita ce tafi ɗaukar zafi ko a can ƙasashen nasu. Babban ƙamus na Oxford ya bi sawun amfani da "they" ga mutum ɗaya wanda ba a fayyace ba har zuwa wajen 1375, yana cikin rubutun Shakespeare, yana cikin na Jane Austen birjik. Dokar a ce "he" ya wakilci kowa da kowa ita ce baƙuwa, wata malama Ann Fisher ce ta rubuta ta a nahawunta na 1745, sannan a 1850 majalisar dokokin Birtaniya ta yi doka cewa a cikin dokokin ƙasa in an ambaci namiji to har da mace ake nufi. Daga nan abin ya zauna daram a littattafan makaranta. Hujjar masu ƙin "their" ita ce wai jam'i ne ba zai koma kan tilo ba, to amma ai "you" ma jam'i ne asalinta, tilonta "thou" ne, kuma har yau "you are" muke ce wa mutum ɗaya ba "you is" ba. An yi rigima a kan wannan ma a lokacinsa, George Fox wanda ya kafa ɗariƙar Kwekas ta Kiristoci, shi da abokansa littafi guda suka fitar a 1660 suna yaƙi da masu ce wa mutum ɗaya "you". Yau wa ke tuna wannan faɗan? Kuma ga wani abu da nake so ka lura da shi, shi kansa Malam in yana koyar da 'yar tambayar nan da ake liƙawa a ƙarshen jimla, me yake cewa a sa a bayan "Everyone has gone home"? "Haven't they" zai ce, ba zai taɓa cewa "hasn't he" ba, haka yake a littattafan da muke koyarwa da su. Wato kunnensa ya riga ya yarda da abin, dokar da aka haddace masa ce bata yarda ba. Mu Hausawa kuma akwai abin da ke ƙara mana jin daɗin "his", don a harshenmu "kowa ya kawo littafinsa" muke cewa ko da ajin rabi mata ne, sai muji na Turancin ma haka ya kamata ya zama. A yau manyan littattafan ƙa'idar rubutu sun sassauto, na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka wanda jami'o'inmu ke bi wajen rubuta furojet, wato APA, a bugunsa na 7 na 2019 ya amince da shi. Akwai wata muhawara daban ta zamani a kan kiran wani sanannen mutum guda da "they", wannan ba ita yarinyar ta rubuta ba kuma ba ita muke magana ba, kar a haɗa su.

"It's me" kuwa ta tuna min da wani labari da duk wanda ya zauna gaban malamin nahawun Larabci zai iya jinsa. A Bagadaza zamanin Haruna Rashid, a majalisar waziri Yahya al-Barmaki, aka haɗa Sibawaihi jagoran malaman Basra da Kisa'i jagoran malaman Kufa. Tambayar a kan wata jimla ce da ke maganar harbin kunama da na rina, shin a ƙarshenta "fa iza huwa hiya" za a ce ko kuwa "fa iza huwa iyyaha" ma ya halatta. Sibawaihi yace na farko kaɗai, Kisa'i yace duka biyun Larabawa na faɗa. Ka duba da kyau, rigima ce a kan wace siga wakilin suna zai ɗauka a ƙarshen jimla, kusan irin taku ta "I" da "me". To da manyan malaman nan biyu suka kasa daidaitawa me aka yi? Ba wani littafi aka buɗe ba, Larabawan ƙauye da ke bakin ƙofa aka kira aka tambaye su yadda suke faɗa, suka goyi bayan Kisa'i. Wasu masu tarihi sunce an saye su ne, Allah ne masani, Sibawaihi dai ya bar Bagadaza da baƙin ciki kuma bai daɗe ba ya rasu. Abin da nake so ka ɗauka anan shine dukkansu biyun sun yarda cewa alƙalin nahawu bakin masu harshe ne. Shi kansa Sibawaihi littafinsa cike yake da "na ji Larabawa suna cewa". To wannan shine abin da ake kira nahawu na bayyanawa, ka saurari yadda masu harshe ke yi ka fitar da ƙa'idar daga ciki, saɓanin nahawu na umarni wanda ke zuwa da ƙa'idarsa a hannu yace kowa ya bi. Masu dagewa a kan "It is I" da tsarin Latin suke kafa hujja, kuma jimlar tana nan ana amfani da ita a magana mai nauyi sosai, musamman in "who" ta biyo baya kamar "It is I who must apologise". Amma Bature in ya ƙwanƙwasa ƙofar gidansu aka ce waye, "It's me" zai ce, ko farfesa ne.

Yanzu bari muzo inda ka zame. Masu nahawun bayyanawa basu taɓa cewa komai daidai ne ba, wanda ya gaya maka haka a intanet rabin karatu yayi. Aikinsu ma ya fi na masu umarni wahala. Randolph Quirk a 1959 ya kafa wani shiri a jami'ar Durham, ya koma da shi jami'ar UCL ta Landan a 1960, suna tattara ainihin maganganu da rubuce-rubucen mutane suna rarrabe su a kan 'yan katuna, daga wannan aikin ne babban nahawunsa da abokansa uku ya fito a 1985. Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum suka fitar da nasu na Cambridge a 2002, shafi sama da 1,800. In ka buɗe waɗannan littattafai zaka ga jimloli ba iyaka da aka sa wa alamar tauraro a gaba, ma'anarta wannan ba daidaitaccen Turanci bane. Yaya za a yi mutanen da suka ce babu kuskure su cika littafi da alamar kuskure? Abin da suke cewa shine kuskure shine abin da ƙwararrun masu harshen basa yi, ba abin da wani mutum ɗaya ya ƙi a 1672 ba. Kuma yanzu ana iya aunawa, akwai rumbunan jimloli a kwamfuta, na Birtaniya da ake kira BNC kalma miliyan 100 ne, na Amurka da ake kira COCA ya kai biliyan 1, ka rubuta abin da kake shakka ka ga su wa ke faɗa kuma a wane irin rubutu.

Na ga ya fi sauƙi in kwatanta maka da abin da muka sani a fiƙihu, akwai abin da aka yi ijma'i a kai, akwai mas'alar saɓani. "Informations" da "furnitures" da "discuss about" da "he don't know" da "borrow me your pen" a daidaitaccen Turanci ba saɓani a kansu, Fowler da Pullum duk zasu soke. "Who" da "whom", "their" bayan "everyone", "It's me", raba "to" da aikatau kamar "to fully understand" wanda Henry Alford ya yi wa tsawa a 1864, bambanta "less" da "fewer" wanda asalinsa ra'ayin wani Robert Baker ne a 1770, waɗannan su ne na saɓani. Laifin Malam shine ya ɗauki mas'alar saɓani ya mayar da ita ijma'i. Naka laifin kuma ka ɗauki ijma'i ka jefa shi cikin saɓani. Kuma in ka tambaye ni wanne yafi cutar da ɗalibi, naka ne, don yaron da aka tsaurara wa zai rubuta Turanci mai ɗan taurin wuya amma zai ci jarabawa, wanda aka sakar wa linzami gaba ɗaya kuwa faɗuwa zai yi.

Nasan wani zai ce to ai "discuss about" miliyoyin 'yan Najeriya na faɗa, me yasa namu bakin ba zai zama hujja ba? Tambaya ce mai kyau kuma masananmu sun daɗe a kanta, Ayo Banjo da Ayo Bamgbose sun yi rubutu a kai, David Jowitt ya fitar da littafi guda a 1991 a kan yadda 'yan Najeriya ke sarrafa Turanci, Farooq Kperogi ya shafe shekaru yana rubutu a jarida a kan haka. A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi da ma'anoni 29 na Turancin Najeriya, ciki har da okada da danfo da "next tomorrow" da Kannywood, har da "severally" da ma'anar sau da yawa yadda muke nufi da ita. Ni kam naji daɗin hakan. Sai dai ka lura da abu biyu, ƙamus ɗin ya yi musu laƙabi da cewa na Najeriya ne, aikinsa ya rubuta cewa ana faɗa kuma ga inda ake faɗa, bai yi wa kowa alƙawarin cewa mai makin IELTS, jarabawar Turanci ta masu neman karatu ko aiki a ƙasashen waje, zai karɓa ba. Na biyu, kalmomi ke saurin samun shiga, okada ba shi da wani suna da ya fi wannan, amma ginin jimla irin liƙa s a bayan sunan da ba a ƙirgawa, ko mu nan ƙwararrun marubutanmu da editocin jaridunmu basu karɓe shi ba. To tunda ƙwararrun gida ma suna sokewa, ko da ma'aunin nahawun bayyanawa aka auna, "informations" bata tsallake ba. Wataƙila wata rana ta tsallake, harshe yana tafiya, amma ba kai zaka sa yaron mutane ya zama zakaran gwajin dafi ba.

Yanzu maganar Malam. Ina so ka fahimci daga ina ya fito. Mutanen zamaninsa sun yi karatu a hannun waɗanda suka gaji tarbiyyar Kwalejin Katsina, wadda daga baya ta zama Barewa a nan garinku, makarantar da aka santa da goge Turancin ɗalibai, irin wanda yasa har yau ake sauraron jawaban Abubakar Tafawa Ɓalewa ana jinjina. A wurinsu Turanci mai tsafta mutunci ne, shi ne abin da ɗan Arewa ya shiga taro da shi ba a raina shi ba. Mutumin da ya shekara da shekaru yana riƙe da wannan, in yaga "their" bayan "everyone" ba ƙa'ida kaɗai yake gani ta karye ba, gani yake abin da ya gina yana rushewa a hannun yaron da shi ya rena. Kuma damuwarsa da yadda Turancin ɗalibai ke lalacewa gaskiya ce, kai ma kana gani a takardun da kake makin. Ban ce ya kyauta ba, shiga aji a tsawata wa malami a gaban ɗalibansa kuskure ne babba, yana zubar da ƙimar malami, da ofis ya kira ka. Amma ba a rama gayya da fushi. Shi a gaban yara ya gyara maka aiki, kai kuma a gaban abokan aikinsa ka yi masa ba'a da shekarunsa, a rubuce, inda kowa zai iya komawa ya sake karantawa. Ba ɗaya bane. Kuma mutumin nan malaminka ne kafin ya zama shugabanka.

Saboda haka eh, ka bashi haƙuri, kuma ba wai don ka janye hujjarka ba, haƙurin na kalmar da ka rubuta ne. Kar kayi a ofishin malamai, kar kayi ta waya. Ka shirya ka same shi a gida bayan la'asar, in kana jin nauyi ka nemi wani dattijo cikin malamai da yake jin maganarsa ya raka ka. Ka durƙusa ka gaishe shi yadda ka saba tun kana ɗalibi, kace Malam nazo ne in nemi gafara, abin da na rubuta a guruf rashin ladabi ne kuma bai kamaci ɗanka ba. Ka tsaya nan. Kar ka ƙara da "amma dai maganar their ɗin nan", wallahi in ka sa amma ka ɓata tafiyar gaba ɗaya. Sannan tunda a bainar jama'a kayi, ka koma guruf ɗin ka rubuta layi biyu cewa ka janye kalamanka kuma ka nemi afuwar Malam. Maganar shigarsa ajinka kuma ka bari sai zuciya ta sauka, ranar da kuka koma hira, ka roƙe shi cikin ladabi cewa in yaga gyara a aikinka ya kira ka gefe. Dattawa irinsa sau da yawa sun san sun wuce gona da iri, hanyar saukowa kawai suke nema wadda ba zata zubar musu da girma ba.

Ita kuma muhawarar nahawun kar ka kai masa ita da hoton waya, mutanen zamaninsa littafi suke girmamawa. Ka samu Practical English Usage na Michael Swan, ko ma Oxford Advanced Learner's Dictionary wanda na tabbata akwai shi a teburinsa, ka buɗe wajen "they" ko "whom" inda aka yi bayanin amfani, ka kai masa a matsayin tambaya, Malam naga wani abu anan ya ɗaure min kai ka duba min. Ka barshi ya karanta da kansa. In ya yarda alhamdulillah, in bai yarda ba shikenan, shi ne shugaban sashe, kuma kuna iya zama ku fitar da tsarin maki ɗaya da duk malaman Turanci zasu bi, don babban zalunci shine yarinya ta samu maki a ajin wani malami ta rasa shi a ajin wani a kan jimla ɗaya.

Game da yara, ka koma aji ka gyara maganar da bakinka tun kafin ta yi jijiya. Kace musu abin da kake nufi shine Turanci hawa-hawa ne, kowane wuri da irin nasa. Zasu gane da sauri in ka tuna musu da Hausa, Basakkwace in yace "shina zuwa" ba kuskure yayi ba, Hausarsa ce cikakkiya mai ƙa'ida, amma a jarabawar Hausa daidaitacciyar Hausa ake so a rubuta, "yana zuwa". Wanda yace "yarinya ya zo" kuwa ba karin harshen Kano yayi ba ba na Sakkwato ba, mai maki zai soke. Sannan ka koya musu dabarar jarabawa a fili ba ɓoye-ɓoye. A tambayoyin canki-canka in aka jera who da whom kuma gurbin na wanda aka yi wa aiki ne, su zaɓi whom. A insha'i akwai kason maki na tsaftar rubutu inda ake zaftarewa a kan kowane kuskure, kuma basu san wa zai yi makin takardarsu ba, zai iya zama mai ra'ayin Malam, don haka a wasiƙar ofis da muƙala su bi hanyar da ba mai sokewa. Mafi yawan wuraren saɓanin ana iya kauce musu cikin sauƙi, maimakon "Everyone should bring their books" yaro ya rubuta "All students should bring their books", Malam ba zai taɓa ba kai ma ba zaka taɓa ba. A wasiƙa zuwa ga aboki ko cikin zancen da aka sa a bakin wani a labari kuwa, "It's me" ita ce ma ta dace, yaron da ya sa ƙaninsa yana cewa "It is I" a bakin ƙofa ya nuna bai san inda ake sa kowacce ba.

Wani aiki da zaka iya basu a mako mai zuwa, ka basu saƙo ɗaya, misali neman izinin fashin makaranta na kwana biyu saboda biki, kace kowa ya rubuta shi sau biyu, ɗaya zuwa ga firinsifal ɗaya zuwa ga abokinsa, sannan ku jera su a allo ku ja layi a duk inda kalma ta canza ku tambayi dalili. Ka kuma ware bayan littafin kowane yaro shafi biyu, ɗaya na kurakuran da ba jayayya a kansu wanda duk lokacin da ka soke masa zai je ya rubuta da gyaransa, ɗaya na wuraren saɓani da abin da ya fi aminci a jarabawa. Shi yaron nan mai "informations" ka fara da shi, kar ka hukunta shi don maganarka ya riƙe, ka bashi ƙamus ya nemo kalmar da kansa ya karanta wa aji abin da harafin U ɗin da ke gefenta yake nufi, wato sunan da ba a ƙirgawa, daga nan ku nemo 'yan uwanta irin su advice da luggage da equipment ku cika shafin farko da su.